Suna na Goma Sha Biyu

Unguwar Sanusi, Kaduna
20 ga Yuni

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen Malumfashi. Yaya ciwon gwiwar? Inna ta faɗa min a waya wai ka ajiye maganin tunda ka ji sauƙi. Baba, wata uku likita ya ce, ba kwana uku ba. Mu nan lafiya lau, mun dawo daga Sallah ba matsala, yara da babansu suna gaisuwa.

A ofis dariya ake yi min duk ranar da aka ga ina neman ambulan, wai a wannan zamani. Sai in ce musu injinan saƙa sun cinye kunnuwan babana, waya ba ta yi masa amfanin komai, amma idonsa ya fi na dukansu.

Da Sallah ka ce har yanzu ba ka gane abin da malamar tarihi take nema a gidajen tsofaffi ba. To ga shi. Da safe ina aji a kwalejinmu ta adabi da kimiyya, ina fama da ɗalibai ɗari da tamanin a ɗakin da aka gina don mutum sittin. Da rana sai in ɗauki rikoda in shiga Makera da Kakuri, ina neman waɗanda suka yi aiki a masaƙu kafin a rufe su, su ba ni labari da bakinsu. Yanzu ina da murya arba'in da uku. Huɗu daga cikin masu muryoyin sun riga mu gidan gaskiya, kuma 'ya'yansu sun zo da kansu sun roƙi kwafi. Malaman ɓangaren kimiyya suna tsokanata wai su ruwan rijiya suke aunawa, ni kuwa surutun tsofaffi. Na ce musu su yi a hankali, don tsofaffina ne suka nuna musu tsofaffin magudanan rini da suka shekara biyu suna nema a taswira.

A watan gobe za a yi Makon Bincike, inda kowane sashe yake baje abin da ya yi a shekara, har da baƙi masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Shugaban sashenmu, Dakta Abdulmalik, ya ce aikina ne zai wakilce mu. Ka tuna shi, dogon nan da ya zo har gida ranar walimar digirina, ya zauna a tabarma yana rubuta maka hira a bayan kati. Shi ya koyar da ni, shi ya tsaya min har aka ɗauke ni aiki. Ban da yaya namiji, amma da ina da shi, ban jin zai fi shi yi min.

Akwai abin da ban faɗa maka ba da na zo. Mako guda kafin Sallah na je wurin Baba Wilson, a gidanmu na da a Makera. Yana nan a ɗakinsa na kusa da rijiya, ya tsufa amma bakin yana nan. Ya tambaye ni amininsa, wato kai, sau uku. Tunda shi ne akawun sashen saƙa, mai riƙe littafin shiga da fita, ba wanda ya kai shi sanin mutane, sai da muka yi awa biyu yana lissafo min su da laƙabinsu. Da na miƙa hannu zan kashe rikoda, ya ce in bar ta. Ya faɗi wata magana da ya ce shekara talatin tana cinsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada wani mahaluki ya ji sai bayan ransa, har da kai.

Muna da takarda da mai ba da labari yake sa wa hannu, ya zaɓa ko a buɗe muryarsa ga kowa ko a rufe ta zuwa wani lokaci. Da na miƙa masa, ture ta ya yi. Ya ce ya ci naman ragon sunana, ya ɗora ni a kafaɗa ya kai ni makaranta, ba zai yi yarjejeniyar takarda da ni ba. In na ce na rufe, na rufe. Kunya ta hana ni matsa masa, ka san yadda ka raine mu, ba a musu da babba a ɗakinsa. Rikodar ta kwaleji ce, dole duk abin da aka naɗa ya shiga ma'ajiyar sashe, don haka na kai wa Dakta da hannuna, na yi masa bayanin alkawarin. Ya ce in kwantar da hankalina, maganar tana hannunsa.

Don Allah kada ka tambaye ni. Na faɗa maka iya wannan ne don ban saba ɓoye maka abu gaba ɗaya ba.

A gaida Inna da maƙwabta. Allah Ya ba da damina mai albarka.

'Yarka,
Rukayya


Unguwar Sanusi, Kaduna
18 ga Yuli

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, sauri nake in ba direba takardar nan kafin wani ya riga ni zuwa gare ka da labari. Gara ka karanta da rubutuna. Ka nemi wuri ka zauna tukuna.

Jiya aka yi babban taron Makon Bincike. Shawarata ce a gayyato tsofaffin ma'aikata, kuma ni na bi gida-gida da katin gayyata. Bas biyu aka cika daga Makera da Kakuri, aka ba su kujerun gaba. Baba Wilson ya zo cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, 'yarsa Hadassah tana riƙe da hannunsa. Mutanen kimiyya suka fara, suka nuna sakamakon ruwa da na irin masara, aka tafa. Da aka zo kanmu na yi bayani na minti goma, sannan Dakta Abdulmalik ya karɓi makirufo don ya sa wa baƙi muryoyi uku da muka zaɓa tare. Ya sa ukun. Tsofaffi suna ta dariya suna zungurin juna. Sai ya ce akwai ta huɗu, wadda ita ce za ta nuna zurfin binciken da sashenmu yake yi.

Tun daga tarin da mai maganar ya fara yi na gane muryar Baba Wilson ce. Ina kan dandamali, tsakanin shugaban kwaleji da wata baƙuwa, na'urar tana can ɗaya gefen. Baba, ban tashi ba. Na yi ta gaya wa kaina yanzu zai kashe, ba zai kai wurin ba. Minti huɗu ne, kuma na zauna har suka ƙare. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba.

Ga abin da zauren ya ji, kuma tunda har a wayoyin ɗalibai yana yawo, ba sauran alkawarin da zan tsare.

Lokacin yajin aikin da aka kore ku, manaja ya kira Baba Wilson ofis. Ya ce ko dai ya rubuta sunan mutum goma sha biyu da suka kitsa yajin, ko kuma a sallami sashen saƙa gaba ɗaya, mutum ɗari uku da wani abu, a ɗebo sababbi. Ya ba shi zuwa tashi daga aiki. Baba Wilson ya san mutum goma sha ɗaya, ya rubuta su. Manaja ya ce goma sha biyu ya faɗa wa na sama da shi, goma sha biyu zai kai. Baba Wilson ya ce ya zauna yana bin littafi suna bayan suna, yana tunanin wa zai iya rayuwa in an kore shi. Wannan ba shi da kowa a ƙauye, wancan matarsa tana kwance, wancan 'ya'ya tara. Da ya zo kanka sai ya tuna kana da gonar gado a Malumfashi. Ya san ko taro ɗaya ba ka taɓa zuwa ba. Ya rubuta sunanka.

Ya ce shi ya taya ka ɗaure kaya, shi ya ɗora gadon Inna a mota, kuma da za ku tashi ka riƙe hannunsa ka ce ka bar masa amanar ɗakin da ragowar kayanku. Ya ce tun ranar bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa sosai ba.

Dakta ya goge wurin da Baba Wilson ya faɗi sunansa, ya goge naka ma. Wai shi a ganinsa ya rufa asiri kenan. Akawu nawa ne a sashen saƙa? Mutum nawa ne a cikin waɗanda aka kora suka koma Malumfashi? Mutanen da suka yi shekara arba'in suna jin muryar mutum a bakin rijiya da wurin jana'iza, su za a ɓoye wa shi da goge suna? Baƙi suka tafa, har wani yana share ido. Kujerun gaba ba wanda ya motsa. Sannan ɗaya bayan ɗaya suka fara juyowa suna kallonsa. Shi kuwa ni yake kallo. Hadassah ce ta ɗaga shi, suka fita ta tsakiyar zaure, tafiyar da na ga kamar ba za ta ƙare ba.

Baba, na san wannan maganar lokacin da na zo Sallah. Na zauna kusa da kai, ka yanko min hanta da hannunka, kana tambayata ko Wilson yana samun zuwa asibiti. Na rubuta maka a takarda cewa yana samu. Ina shekara shida aka kore ka, na tuna shekarar da muka yi Inna tana dafa rama safe da yamma, na tuna kana koyon riƙon fartanya da hannun da bai saba ba. Da na ji maganar a ɗakinsa, sai da na yi kwana uku ban iya saurarenta ba. Amma tsoho ne ya ba ni amana yana kuka, na karɓa. Ban san ko daidai na yi maka ba.

Ka rubuto min, ko faɗa ne.

'Yarka,
Rukayya


Unguwar Sanusi, Kaduna
27 ga Yuli

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta Inna, da yadda shuka take. Direba ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata. Inna ta ce sau biyu ka karanta, ka ninke ka sa a aljihu, ka ɗauki fartanya ka fita, kuma tun ranar ba ka ta da maganar ba. Ina jira.

Na je ofishin Dakta Abdulmalik washegarin taron. Na ɗauka zan tarar da mutum mai jin kunya. Da fara'a ya tarbe ni, har da miƙo min kujera. Ya jawo littafin dokokin ma'ajiya, ya buɗe shafin da ya riga ya sa wa alama, ya nuna min inda aka ce duk muryar da ba ta da takardar rufewa a buɗe take. Alamar nan ta fi komai ƙona min rai, don ta nuna ya shirya amsarsa tun kafin ya aikata. Na tuna masa abin da ya faɗa min da bakinsa. Ya ce bai manta ba, amma kwaleji da takarda take aiki, kuma ni ce ban cike tawa ba. Ya ce baƙi sun rubuta rahoto mai kyau, za a amince mana da sabon kwas, watakila har a ba mu ɗakin ajiya na kanmu. Ya ce wata rana zan gode masa. Ya ƙara da cewa da ya tambaye ni zan hana, shi ya sa bai tambaya ba.

Shekara goma sha huɗu ina gaishe da mutumin nan da rusunawa. Shi ya fara koya mana a aji cewa mai ba ka labari ya fi labarin daraja, na rubuta a littafina, har na ja layi a ƙarƙashi. Ni ma haka nake koya wa nawa ɗaliban. Ranar Talata darasin ya zo, na tsaya a gaban allo, rabin ajin suna da muryar Baba Wilson a wayoyinsu. Na ba su aikin karatu na fita.

Ranar rufe taro aka ba ni lambar yabo ta binciken da ya fi fice a kwaleji. Wani katako ne mai ƙyalli da sunana a jiki. Na karɓa, don an kira sunana a gaban mutane kuma ƙafata ta kai ni. Yana cikin but ɗin mota, ban shigo da shi gida ba. Na rubuta wa shugaban kwaleji ƙorafi, an ce za a kafa kwamiti. Na kuma rubuta cewa a dawo min da sauran muryoyi arba'in da biyu har sai na sake tambayar masu su, aka ce ai dukiyar kwaleji ce.

A Makera abin ya yi muni. Bencin da tsofaffi suke zama a bakin titi, in Baba Wilson ya nufo sai a watse. Matar ɗaya daga cikin goma sha ɗayan, wadda mijinta ya rasu bai sake samun aiki ba, ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakinsa tana kiran sunan mijinta har maƙwabta suka janye ta. Abin da ya fi ba ni tsoro, wasu samari da ko haifarsu ba a yi ba lokacin sun fara cewa da addini ya zaɓi sunayen. Ƙarya ce, bakwai daga cikinsu cocinsu ɗaya da shi. Amma ka san garin nan, ka san irin maganar da ba a bari ta kwana. Shekaranjiya Hadassah ta kwashe shi da kayansa ta kai shi gidanta a Unguwar Boro. Shekara arba'in da shida ya yi a ɗakin nan.

Ni ma yanzu ba mai buɗe min ƙofa. Tsohuwar da take ajiye min gyaɗa duk zuwa, ta aiko jikarta ta ce ba ta nan, alhali ina jin tarinta.

A gaida Inna.

'Yarka,
Rukayya


Unguwar Sanusi, Kaduna
6 ga Agusta

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Har yau ban ga amsarka ba, kuma ban ga laifinka ba. Wannan karon ba amsa nake nema ba, laifi na zo faɗa.

Jiya na je Unguwar Boro. Sau biyu ina kaiwa bakin layin ina juyawa, jiya dai na ƙwanƙwasa. Hadassah, da muka yi wasan ƙasa tare, ta bar ni tsaye a bakin get kamar mai tallar magani. Ta faɗa min maganganu, ban musa ko ɗaya ba. Muryarsa ce daga ciki ta sa ta matsa.

Ya rame, Baba. Yana zaune a baranda, abinci a gefensa a rufe. Na durƙusa na fara ba shi labarin Dakta da littafin dokoki, sai ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai san wani Dakta ba, Dakta bai taɓa yi masa alkawarin komai ba, don haka ba abin da zai riƙe shi da shi. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Sannan ya ce mutanen Makera su faɗi abin da suke so, sun yi gaskiya, shi mutum ɗaya ne ya dame shi. Ya tambaye ni ko ka ji. Na ce na rubuta maka komai. Ya tambaya me ka ce.

Ya riƙe hannun kujera yana jira. Hadassah ta faɗa min kwana biyar kenan ruwan shayi kawai yake sha. Na duba shi, na ga in na ce ba ka ce komai ba, ni ce zan ƙarasa abin da aka fara a zauren nan. Sai na ce ka yafe. Na ce ka ce abin da ya wuce ya wuce, kuma kana gaishe shi.

Ba ka faɗa ba. Ban ma san abin da yake ranka ba. Kai aka zalunta, kai ka rasa aikinka da gidanka a kan abin da ba ka yi ba, yafiyar taka ce, ka bayar ko ka hana. Na ɗauke ta ba da izininka ba na bayar, don na ga tana da amfani a wurin, kuma don na san in na tambaye ka watakila ka hana. Sai da na shiga mota na tuna a bakin wa na ji wannan hujjar kwanan nan.

Ya yi kuka kamar yaro. Ya jawo kwanon ya ci abinci a gabana. Sannan ya ce irin wannan ba a karɓarta ta hannun ɗan aike, sai ya zo da ƙafarsa ya durƙusa a gabanka ya yi godiya. Mijin Hadassah zai kawo shi a mota ranar Asabar. Na ce damina ce, hanya ba kyau, ya ce ko a kan jaki ne zai zo. Ban iya hana shi ba, don in na hana sai na faɗi dalili.

Ranar Asabar da hantsi za mu iso, ina cikin motar. Ba zan roƙe ka ka gyara min ƙaryata ba, ban da bakin wannan roƙon. Ƙofar gidanka ce. In ka fito, ka fito don kanka. In kuma muka tarar ka tafi gona, zan gane, kuma ni zan juya in faɗa masa a nan ƙofar gidan cewa ba ka taɓa cewa komai ba.

Ka gaida min Inna, ka ce ta sa ni a addu'a.

'Yarka,
Rukayya